Ranar da na zama randa a hanyar Badagishiri

Ni tela ne. Shekara 20 da ƴan kai ke nan ina taka keken ɗinki a Tawa, to ka ga tun asali da ƙafa nake ci, sai dai wancan keken ba ya zuwa ko'ina. Wanda ke zuwa wani wuri na saye shi shekara 6 da suka wuce, na hannu ne, mai giya, lokacin da zaman shago ya fara tara mini tumbi da ciwon baya. Da shi nake zuwa gaida Inna a ƙauyenmu kusan duk wata. Daga Tawa zuwa Badagishiri kusan kilomita 50 ne a kan kwaltar da ta nufi Tsarnawa da Ƙwanni, daga nan in ƙara wajen 20, rabi kwalta rabi jar hanya. Har yau akwai masu tambayata ko kuɗin mota ne babu. Nakan ce akwai, bayan da zan zauna da shi a motar ne babu.

Abin kunyar shi ne, ni da tufafi ne sana'ata, tufafi ne suka fara kada ni a wannan hanya.

Watan Janairu ne, tsakiyar ɗari, lokacin da tsofaffi ke kwana da kaskon wuta, yara kuma ba mai yarda ya kusanci ruwa sai rana ta take. Na yi asuba na fito ƙarfe 6 da kwata, gari bai waye ba, don a wannan watan rana ba ta leƙo Tawa sai bayan ƙarfe 7. Uwargida ta biyo ni zaure tana ƙudundune cikin zane biyu, ta ce, "Maigida, haka za ka shiga wannan jaurar?" Sai na koma ɗaki na ɗauko wata ƙatuwar rigar sanyi ta bosho da na saya jika 6 a kasuwar Lahadi, irin mai soso ciki da leda waje, wadda aka ɗinka wa masu ƙanƙara. Ƙarƙashinta ga suwaita, ƙarƙashin suwaita ga rigar auduga.

Kilomita 5 na farko albarka nake ta sa wa uwargida. Kafin 10 gadon baya ya fara tsatsafo. Na ji shi sarai, amma kowane mai keke ya san ƙyuyar tsayawa in ƙafa ta riga ta kama zagaye. Ina cikin haka, daidai lokacin da gabas ta yi ja, ƙaya ta shiga tayar baya. Na sauka, na tuɓe babbar riga da suwaita don in samu hannun aiki, na tsuguna bakin kwalta daga ni sai rigar audugar nan da ta jiƙe sharkaf. Iskar ma ba wata mai ƙarfi ba ce. Minti biyu bai cika ba haƙora suka fara haɗuwa, yatsu suka ƙi kama faci, na goga gam a inda ba huda. Aikin minti 10 ya ci mini fiye da rabin awa. Da na mai da babbar rigar, cikinta ya yi sanyi kamar buhun da ya kwana a rijiya. Ƙarfe 10 kuma rana ta buɗe, na ɗaure rigar a bayan keke, tulin ta kamar na sayo tunkiya. Na isa gida da ciwon kai, na yi kwana 3 a kwance.

Inna ta dube ni ta ce, "Kai da kaka ɗumka ma mutane riguna, mi ya hana ka ɗumka ma kanka hankali?"

A kwancen nan na gane abin da ya same ni, kuma randar Inna ce ta nuna mini. Tana nan a lungun ɗaki kan yashi, jikinta kullum da danshi, ruwanta kuwa ko da la'asar sai ya kama haƙori. Duk mun san dalili ko ba mu taɓa faɗa ba: randa tana tsatsafo, iska ta kwashe danshin, shi kuma danshin ba ya tafiya shi kaɗai, da zafin ruwan yake tafiya. Haka salkar Buzu take, haka bidon da direbobin kamiyo ke naɗe wa buhu su jiƙa su rataye a gefen mota. Ɗana da ke lise, wato babbar sakandare, ya buga mini lissafin daga baya, ya ce lita guda ta ruwa in ta bi iska, zafin da take kwashewa ya isa ya kai wajen lita 7 na ruwan randa ga tafasa. Iskar hunturu kuwa ba ta da abin yi sai shan ruwa, wanki ma kafin a gama shanya na ƙarshe na farko ya bushe. To ni a bakin kwaltar nan randa na zama, rigar auduga ita ce jikin randar, kuma zafin da iska ta kwashe nawa ne.

Kuskuren tun daga zaure ya faro. Uwargida tsaye take, sanyin da take ji na mai tsayuwa ne, ni kuma na yi shiga irin ta mai tsayuwa. Mai keke murhu ne. Cikin ƙarfin da jiki ke ƙonawa wajen taka feda, kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ko ƙasa da haka ke tura keke, sauran duk zafi yake zama. Digiri 14 ko 15 da Tawa ke wayar gari da su a Janairu sanyi ne ga mai zama bakin teburin mai shayi, amma wanda ya yi minti 15 yana taka keke ya riga ya hura wutarsa. Zuwa la'asar kuma garin ya haura 30. Riga ɗaya mai kauri ba ta iya bin wannan hawa da sauka, abu biyu kawai ta sani, ko tana jikinka ko ba ta.

Yanzu in zan fita, sai na tabbata ina jin ɗan ɗari a ƙofar gida. In na ji ɗumi daidai tun ban hau ba, na san na yi yawa, sai in rage. Uwargida har yau ba ta yarda da wannan ba, ta dai gaji da magana.

Da na dawo shago sai na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na ɗauki ƙyallen auduga da wata tsohuwar rigar ƴan ƙwallo, wadda muke kira mayo, na tsoma su a bokiti ɗaya, na matse, na shanya. Mayon ya bushe kafin in gama kafa hannun riga guda, audugar kuwa ta kusa awa tana sanyi. Zaren auduga shan ruwa yake yi ya riƙe, zaren roba kuwa ba ya sha, miƙa shi yake waje iska ta ɗauka. Saboda haka a lokacin ɗari abin da ke taɓa fatata mayo ne mai dogon hannu, wanda ya ɗan kama jiki. Aibinsa ɗaya, wari. Kwana guda a jiki sai ka ce ka yi mako a turken awaki. Ina isa nake wanke shi, kafin magariba ya bushe.

A kansa nakan sa suwaita marar kauri ta ulu. Ulu yana riƙe ɗumi ko ya ɗan jiƙe, kuma ba ya saurin wari. Samun na gaske a tulin bosho sai da bincike, don mai kaya duk abin da ka ɗaga zai rantse maka ulu ne. Mu teloli muna da hanyarmu: ka zaro zare guda daga cikin ɗinki ka kanga masa ashana. Ulu zai yi ƙaurin gashi kamar ana babbakar kan rago, ya bar baƙin abu mai murmushewa. Roba narkewa take ta dunƙule ta yi tauri. Auduga ta ci da wuta kamar takarda ta bar toka. Ka nemi izinin mai kaya tukuna, na taɓa shan zagi a kan wannan.

Ta saman ni na ɗinka abata, kuma ita nake alfahari da ita. Gabanta yadin leda ne marar nauyi wanda iska ba ta ratsawa, bayanta kuma raga ce da na yanko daga tsohon gidan sauro na ninka biyu, babu hannu. Dalili, iskar da ke dukan mai keke daga gaba take zuwa. Ko gari ya yi tsit, in kana gudun kilomita 20 a awa to iskar kilomita 20 ce ke bugun ƙirjinka, baya kuwa can zufa ke taruwa, hanyar fita yake nema. Na sa mata zif daga wuya har ƙasa, na ɗaura wa kan zif ɗin igiya don in kama shi da hannu ɗaya ko da safar hannu. Na ɗinka aljihu biyu a ƙugu ta baya, na bi kafaɗu da ƙyallen nan mai ƙyalli in fitila ta haska, don direban da ya taso daga Ƙwanni bai yi barci ba ya gan ni cikin duhu ko hazo. In na naɗe ta ba ta wuce dunƙulen hannu biyu ba.

Zif ɗin nan ya fi komai aiki. Da na ji ɗumi ya fara taruwa tsakanin kafaɗu, tun bai zama ruwa ba, sai in zuge shi zuwa ciki. In bai isa ba in tsaya in cire suwaita, minti ɗaya ne. Wajen ƙarfe 8 ta saman ta shiga aljihu. Safar hannu ita ke fita ƙarshe, don yatsu suna gaba cikin iska kuma ba aikin da suke sai riƙo, su ba su da rabo a wutar da cinya ke hurawa. In kuma na tsaya hutawa, kafin in nemi ruwa ma sai na mai da suwaita. Mai shayin da nake tsayawa wurinsa a Badagishiri yakan yi mini dariya, ya ce, "Malam, kowa in ya iso tuɓewa yakai, kai ko sawa kakai." Nakan ce ya zuba mini da citta.

Zuwa sauƙi ne, don iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, mai tafiya kudu tura shi take. Dawowa ce jarrabawa. Nakan bar ƙauye bayan asuba, in iso kwarin Badagishiri wajen 7 da rabi, lokacin da sanyi ya fi cizo, don sanyin dare ba ya ƙarewa sai rana ta fito. Iska mai sanyi ta fi nauyi, da dare gangarowa take daga tudu ta kwanta cikin kwari kamar ruwa a kwano, ga kuma danshin lambunan albasa. Kana sauka za ka ji ka shige ta, daga gwiwa ta hau har kunne. Gangara kuma ita ce wurin da ƙafa ke hutawa gudu ya ƙaru, wato wuta ta mutu iska ta ninka. Kafin in fara sauka nake ja zif har maƙogwaro.

A nan na ari wata dabara daga masu tseren keke na Tour de France, wanda nake kallo a talabijin duk watan Yuli. Tun da can, in sun hau dutse sun jiƙe da zufa, sukan karɓi jarida a hannun ƴan kallo su cusa ƙarƙashin riga a ƙirji kafin su gangara. Takarda tana tare iska, tana shan danshi, in an sauka a jefar. Jarida ba ta yawo a ƙauyenmu, amma takardar buhun siminti, irin wadda masu tsire ke naɗe nama, ba ta yankewa a ƙasar da ke da masana'antar siminti ta Malbaza. Nakan zaɓi fallen tsakiya wanda bai taɓa siminti ba. Da na fara hawan tudun da ke gaba sai in zare ta, in buɗe zif, don hawa zufa yake kawowa ko ana jaura. A saman tudun kuma iska ke jira, wadda takan tashi sosai daga wajen ƙarfe 9, ta bugi fuska da yashi har Tawa.

Rawani kuwa ba na fita babu shi, rani da damina. Mita 3 na yadin auduga marar nauyi, a nan audugar ce daidai. Da asuba ya rufe kunne da wuya. Kamiyo ya taso da ƙura in ja shi bisa hanci. Rana ta take in saki falle guda ya inuwantar da ƙeya. Na yi salla a kansa, na share fuska da shi, na taɓa ɗaure gwiwa da shi da na faɗi a yashi. Maƙwabtanmu Buzaye ba don ado kaɗai suke naɗa shi ba. Sai dai mai keke ya kula da jelarsa, ya cusa ta cikin riga, don in ta faɗa cikin wayoyin taya wuya za ta ja. Kada kuma a toshe kunne har a kasa jin mota. Sannan a wannan zamani, tun daga nesa da shingen jami'an tsaro ka sauke shi daga fuska, kada ka bari sai an ce maka. Hular kwano na saya daga baya, nakan yi naɗin falle ɗaya a ƙarƙashinta, sauran ya tafi wuya. Man kaɗe kuma a leɓe, cikin hanci, gaɓoɓin yatsu da diddige, in ba haka ba ka isa da haɓo da faso.

Daga tsakiyar Maris labari ya juye, randar da ta kusa kashe ni ita nake nema in zama. A Afrilu da Mayu Tawa takan wuce digiri 40 da rana kusan kullum. Fatar mutum ba ta wuce wajen 35, saboda haka iskar da ta fi haka zafi ba fifita take maka ba, gasa ka take. Samarin da nake gani suna tuɓe riga su hau keke da tsakar rana suna ganin sun huta, alhali sun miƙa wa rana da iska fatarsu kyauta. Ni riga nake sawa mai dogon hannu, sakakkiya, ta auduga marar nauyi, in jiƙa hannayenta da rawani duk inda na samu famfo ko rijiya. Riƙon ruwan nan da ya zama aibin auduga a Janairu shi ne amfaninta a Afrilu, don takan yi minti 20 tana sanyaya ni, mayo kuwa kafin in bar gari ya bushe.

Abokan shago sukan yi gardama kan fari da baƙi. A 1980 wasu masana sun buga wani gwaji a mujallar Nature, wanda suka yi a hamadar Negeb kan dalilin da ya sa Larabawan daji ke sa baƙar riga cikin rana. Sun samu cewa baƙar ta fi ɗaukar zafi a wajenta, amma zafin da ke isa fata ɗaya ne da na farar, saboda rigar sakakkiya ce, iska na zagayawa a ƙarƙashinta ta fice da zafin. A tuna dai tasu riga mai kauri ce mai faɗi. Rigar mai keke siririya ce kuma iska na manna ta a ƙirji, don haka ni fara nake sawa, ko ba komai direba ya fi ganina. Duk da haka tufa ba ta maye gurbin hankali. A bazara ƙarfe 5 nake fita da fitila, 10 ta yi mini a gida, da lita 4 na ruwa a bidon mai buhu, lita ɗaya daga ciki da sukari cokalin shayi 6 da gishiri rabin cokalin shayi. Farin zanen da ke fitowa a bayan riga in ta bushe gishirin jikinka ne, sai an mayar. Da azumi kuwa keken yana rataye.

Damina ba ni da dogon bayani a kanta, sai dai in ce sanyi mafi muni bayan na Janairun nan a watan Agusta na sha shi. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, iska da jar ƙura su riga ruwa isowa, cikin ƴan mintuna zafin da ake kuka da shi ya zama sanyi, ga ka jiƙe har wando ga iska. Tun daga ranar nake ajiye busasshen mayo ɗaya ƙulle cikin leda a ƙasan jaka, da babbar leda mai ramin kai. Ba na taka keke da ledar a jiki, don zufa za ta jiƙa ni daga ciki fiye da yadda ruwan zai yi daga waje. Fakewa nake in jira, ba a ƙarƙashin itace guda tilo a fili ba saboda aradu, in ya wuce in canja riga. Ƙorama in ta kawo kuma ba a gwada ta.

Saura wando. Guntun matsattsen nan na ƴan tsere yana da dalilinsa, ba ɗinki a inda mutum ke zama kuma akwai soso. Amma ni da furfura a gemu ba zan ratsa kasuwar Badagishiri da shi ba, balle in tsaya gaban Inna, kuma ba ya salla. Na ɗinka irinsa da yadi mai talewa, na kauce wa ɗinkin tsakiya, na sa soso siriri, ina sa shi a ciki. A sama dogon wando ne marar nauyi mai tsukakken ƙafa, na dama da maɓalli a idon sawu saboda sarƙa. Wanduna biyu sarƙa ta ci mini kafin in yi wannan maɓallin.

Ita kuwa babbar rigar boshon tana nan da ranta. Ƙanena da ke kabu-kabu ya gan ta rataye a shago shekaran jiya waccan, ya ce, "Yaya, wannan fa?" Na ce ya ɗauka. Shi zaune yake a kan babur, inji ke aikin, iska ke dukansa, ba wutar da yake hurawa, don haka shi ta dace da shi. Ya ce tun da ya fara sana'ar bai taɓa samun riga irinta ba. Jiya da asuba ya wuce ni a hanyar fita gari, ya dube ni cikin ƴar rigata ta gidan sauro, ya rage gudu ya ce in tsaya ya ara mini ita zuwa Badagishiri.